Ba “Eh” Baba Yake Cewa Ba

Duk wadda ke cin abinci a yanzu, don Allah ta kife wayar ta ƙarasa tukuna. Na dai faɗa muku. Abin da zan ba ku yau ba ya tafiya da loma, ni kaina da nake rubutawa ban iya sa komai a bakina ba tun safe sai ruwa.

Sababbin da suka shigo mana, sannunku da zuwa, bari in ɗan yi muku bayani kada ku ɓata a hanya. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma ke jinyar Baba tun da Mama ta rasu. Baba na fama da ciwon nan na rawar jiki da likitoci ke kira Fakinsin. Da can shi ne mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa, mutumin da in ya yi gyaran murya a lasifika fasinjoji ke fara tattara jakunkuna. Yanzu sai na kai kunnena dab da bakinsa nake jin me yake faɗa. Fuskarsa ta daskare, da murna da ciwo duk iri ɗaya take nunawa. Idan kuma maganinsa ya fara aiki, sai kansa ya kama gyaɗawa, sama ƙasa, sama ƙasa, ba da son ransa ba. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka Baba ya yarda da duk abin da aka ce.

Bayan wannan, cikinsa ba ya ɗaukar alkama. Akwai wani sinadari a cikinta, gulutin ake ce masa, wanda ke gurje masa hanji. Likitarsa ta zaunar da ni ta yi min dalla-dalla: ciwo biyu ne daban, barin alkama ba zai tsayar da rawar ba, amma in cikin ya ɓaci maganin rawar ba ya zama a jikinsa, wucewa yake yi. Daga nan sai Baba ya ƙame, ko juyawa a gado ya gagare shi.

Shi ya sa kicin ɗinmu rabe yake gida biyu. Tukunyar Baba, wuƙarsa, katakon yankansa, matacinsa, cokulansa, duk na manna musu jan salatif. Burodi, taliya, biskit da kek ba sa ƙetare ƙofar falo. Shinkafa, dankali, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace, su ne duniyarsa. A kanti kuwa nakan tsaya ina karanta bayan kowace leda har na bayana su fara tsaki.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke zama da shi da rana in na tafi shagon tabarau da nake aiki. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya hutu.

“Auta, wannan iyayin naki ya isa,” haka take cewa kullum tana gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubin falo. “Mu da muka tashi muna cin duk abin da aka ba mu, wa ya mutu? Kin mai da gida asibiti. Wane namiji ne zai zauna da macen da ke tsoron burodi?”

To, sai ga namijin ya zo. Injiniya, mai haɗa lif, na'urar nan mai hawa da mutane sama, a dogayen gine-gine. A shagonmu muka haɗu, ya zo gyaran ƙafar tabarau ya tafi da lambata. Farar riga kullum, karin gugarta kamar ya yanke ki, da wani turare mai sanyi da ke zama a labulen falo har washegari. Zuwansa na farko ya shigo da burodi mai zafi a leda. Na tare shi a bakin ƙofa na yi masa bayani, gabana na faɗuwa, don a nan sauran manemana suke juyawa. Bai juya ba. Ya mayar da ledar mota, ya ba ni haƙuri. Zuwansa na biyu ayaba da lemo ya kawo, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba, ya gyara masa matashi. A ranar na shiga ɗaki na rufe ƙofa ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Har ya fara biyowa da rana, lokacin ina wurin aiki, wai ya taya Baba hira. Sai in ga saƙo ya shigo:

“Gimbiyata, ina tare da Babanmu. Yau har ya ba ni labarin tasha.”

Babanmu. Ku ji fa. Wace marainiya ce za a ce wa haka zuciyarta ba ta narke ba?

Ana cikin haka cikin Baba ya ɓaci.

Wata safiya na nufi ɗakinsa da ruwan wanke baki, tun daga ƙofa warin ya tare ni. Ba warin da kuka sani ba ne. Wani ɗoyi ne mai tsami da maiƙo, mai mannewa a maƙogwaro, ki haɗiye yawu ki ji ɗanɗanonsa. Ya ɓata zanin gado, ya wuce ledar da nake shimfiɗawa, ya gangaro ta gefen katifa ya ɗiga a kan silifas ɗinsa. Baba na kwance a ciki, ƙafafunsa sun ƙame, idonsa a kan silin.

“Baba, me ya hana ka danna ƙararrawa?”

Na sunkuya, ina riƙe numfashi, don in ji amsar.

“Hannun... ya ƙi.”

Na sa safar hannu, na ɗaure hancina da ɗankwali, na ɗago shi. Jikinsa duk ya yi sanyi, abin ya bushe masa a baya ya manne da fata, sai da na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na riƙa ɓamɓarewa a hankali. Ku fahimce ni, ba ubana nake ƙyama ba. Amma kashi kashi ne, ko na wanda ya haife ki ne. Da na gama shirya shi na shiga banɗaki, na buɗe famfo da ƙarfi don kada ya ji, na yi ta amai har cikina ya ƙulle.

Da na dawo ina shafa masa mai a gwiwar hannu, inda wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso, ya kama yatsana.

“Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. “Kada ki faɗa wa kowa. Ko Gwaggonki.”

Na yi masa alkawari. Mutumin da duk tasha ke saurarensa, ta yaya zan bari a riƙa zancen zanin gadonsa a waya? Saboda haka kafin Gwaggo ta iso na wanke, na goge, na buɗe tagogi, na fesa maganin wari, na sa masa riga mai guga na zaunar da shi a kujerarsa ta falo. Ita kullum haka take tarar da shi, fes.

Abin bai tsaya ba. Yau ya yi sauƙi, gobe ya dawo. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Na kira likita, ta ce, “Akwai abin da ke shiga bakinsa, ki bincika.” Na bincika kuwa. Na zubar da kayan ƙamshin miya gaba ɗaya, na canza soson wanke-wanke, na dirje tukwane har fatar yatsuna ta saɓule. Har man goge baki sai da na karanta bayansa. Idona ya faɗa, a shago na fara miƙa wa mutane tabarau ɗin da ba nasu ba.

Injiniya kuwa saƙo bai fasa ba.

“Kin rame, Gimbiyata. Kina wahalar da kanki da yawa. Ki bari mu taimaka miki.”

Ni kuma sakarar, har da tura masa hoton zuciya.

Jiya da safe, bayan na gama aikin da kuka riga kuka sani, na jiƙa zanin gadon a babban bokiti na rufe da murfi, don lokaci ya ƙure min. Na ɗauko rigar da Baba ya sa shekaranjiya, wadda ta kwana a ruwan sabulu, na zura hannu a aljihun gaba yadda na saba, ko an manta da hankici. Sai na ji yatsuna sun nutse cikin wani abu mai laushi da yauƙi. Na zaro. Wani farin ƙulli ne ya cika min ƙarƙashin farce, ya jiƙe ya kumbura. Na kai hanci. Warin yis, abin kumbura fulawa.

Burodi ne, 'yan uwa. A aljihun Babana.

Na tsaya da hannu a sama. Na wanke hannun da sabulu, na sake wankewa, amma ji nake kamar abin na nan. Ban ce wa Gwaggo komai ba da ta iso, don ban yarda da bakina ba. Na zura doguwar rigata ruwan toka ta aiki, na yafa mayafi na fita.

Ina shago ina goge gilashi wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce ta turo bidiyo, da saƙon murya a ƙasansa. Ba ni ta yi niyyar turo wa ba, yayata ce da ke aure a wani gari. Gwaggo da waya dama sai addu'a.

Na danna. Ga falonmu. Ga Baba a kujerarsa cikin rigar da na goge da hannuna. Ga Injiniya a durƙushe gabansa, ya naɗe hannun farar rigarsa, yana tsoma burodi a shayi, a cikin kofin Baba, yana kai masa baki. Shayin na bin gefen leɓen Baba yana sauka a wuyan riga.

“Baba, da daɗi ko?”

Kan Baba na sama ƙasa, sama ƙasa.

“A ƙara?”

Sama ƙasa.

Sai dariyar Gwaggo ta cika bidiyon, har hoton na girgiza. Na buɗe saƙon muryar.

“Kin gani da idonki ko? Tun kwanaki muke ba shi kaɗan-kaɗan, ni da yaron nan, ko gezau. Lafiya lau Yaya yake wuni. Dama na ce iyayin Auta ne. Ki yi mata magana ta saki jiki, kada ta kori ɗan mutane da ƙa'idojin banza.”

Na kife wayar a kan teburin shago. Hannun nan da ke tsoma burodin, shi ne ke rubuto min “kin rame.” Yana kallon idona da ya faɗa, ya san abin da yake ɗura wa ubana da rana, ya kuma iya tambayata ko na yi barci lafiya. Turarensa da nake shaƙa a labule, nan take ya zame min wari. Na ce wa mai shago gida ba lafiya, na ɗauki jakata.

Motarsa na ƙofar gida. Na shiga ba sallama. Yadda na gani a bidiyo haka na tarar, sai dai wannan karon har da faranti, an yanka burodin ƙanana an shafa bota, an ajiye wa Baba a cinya. Gwaggo na zaune da leshinta mai ruwan ƙwai tana fifita da murfin kwali. Da ta gan ni fifitar ta tsaya.

“A'a, Auta, yau da wuri haka?”

Injiniya ya miƙe yana murmushi, ko kunya babu. “Gimbiyata, kin ɓata mana shiri. So muka yi mu ba ki mamaki.”

“Na yi mamakin,” na ce. “Wa ya ce ka ba shi?”

“Ki kwantar da hankalinki. Na karanta a waya, in ana ba mutum kaɗan-kaɗan jikinsa sabawa yake yi. Dubi, ba abin da ya same shi. Kuma ban taɓa ba shi ba sai na tambaye shi. Kullum cewa yake eh.”

“Eh?”

“Da kansa yake amsawa. Tambayi Gwaggo.”

Na juya wurin Baba. Raina ya riga ya gama ɓaci, ban tsaya tunani ba.

“Baba, kai ne ka ƙera jirgin sama?”

Sama ƙasa, sama ƙasa.

“Baba, ruwa ake yi a cikin falon nan?”

Sama ƙasa.

“Ka ga eh ɗin naka,” na ce wa Injiniya. “Kansa ne ke rawa! Watanni kana shigowa gidan nan kana kiransa Babanmu, ba ka ma san wannan ba?”

Murmushin ya ɗan ragu, amma bai sauka daga kan bakansa ba. “To, na ji. Amma ki dube shi mana. Tsaf da shi. Ni so nake in mun yi aure mu zauna a tebur ɗaya mu ci abu ɗaya, ba wannan tukunyar wane, waccan ta wane ba. Don ki huta nake yi.”

“Faɗa mata dai,” in ji Gwaggo. “Da yana cutar da shi ai da mun gani. Ni nake wuni da shi.”

Da mun gani. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

Na san na yi wa Baba alkawari. Ina sane da shi lokacin da na wuce su na shiga banɗaki. Ina sane da shi lokacin da na rungumo bokitin nan da hannu biyu, ruwan na tangaɗi yana zubo min a riga. Na kawo shi tsakiyar falo, na dire a kan kafet gaban takalmin Injiniya mai sheƙi, na cire murfin.

Ya wuni a rufe cikin zafi. Ba sai na ce muku komai ba.

Gwaggo ta zabura tana salati, ta cusa hanci a mayafi. Injiniya ya ja da baya har ya buge tebur, ya zaro hankici ya toshe baki, wuyansa na motsi yana ƙoƙarin mayar da abin da ya taso masa.

“Mene ne wannan?”

“Kaɗan-kaɗan ɗinka ne,” na ce. “Na yau kaɗai. Kullum da safe nake kwashe shi kafin ku zo ku tarar da shi tsaf. Matso mana, Injiniya. Ba tebur ɗaya kake so ba? Ga safar hannu can a ƙusa.”

Bai matso ba. Ƙafar wandonsa yake dubawa ko ruwan ya fallatsar masa. Na tsaya ina kallon mutumin da na yi wa murmushi ni kaɗai a ɗaki, ban ji komai ba sai ƙyanƙyami, irin wanda ko bokitin bai taɓa sa ni ji ba.

“Auta, rufe abin nan don girman Allah,” in ji Gwaggo ta cikin mayafi, muryarta ta canza. “Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?”

Sai a lokacin na tuna da mai zanin gadon. Na juya. Baba na kallon bokitin. Fuskarsa yadda take kullum, ba abin da ya motsa, amma ruwa na bin kumatunsa yana shiga gemu. Na mayar da murfin, na durƙusa a gabansa.

“Baba, ka yafe min. Sun cuce ka ne, ba ka iya ce musu a'a...”

Leɓensa na motsi. Na kai kunnena.

“Na iya.”

“Na'am?”

“Ni... na ce ya kawo.”

Na ɗago na dube shi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ja numfashi, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya, kalma ɗaya-ɗaya, yana hutawa a tsakani.

“Tun burodin farko... da kika mayar. Na ga fuskarki. Na ga ta sauran... da suka tafi.” Ya haɗiye yawu da ƙyar. “In ina cin na kowa... kowa zai iya riƙe ni. Ke sai ki tafi ɗakin mijinki.”

“Baba, kashe ka zai yi!”

“Cikin zai saba.”

“Ba zai saba ba! Likita ta ce ba ya sabawa!”

“To.” Ya lumshe ido ya buɗe. “Duk ɗaya ne... za ki tafi.”

Su biyun ba su ji me ya ce ba, ni kaɗai na ji. Gwaggo na tambaya, “Me Yaya yake cewa? Auta, me ya ce?”

Farantin na nan a cinyarsa, na manta ban ɗauke ba. Ina durƙushe ina kallo, hannun damansa ya taso yana karkarwa, ya lalubi gefen farantin, ya kuskure, ya sake. Ya kama yanka guda. Botar na narkewa a yatsunsa, ɓurɓushi na zuba a kan rigar, ya nufi bakinsa da shi a hankali.

Na cafke wuyan hannunsa. Ƙashi ne kawai da fata, yana rawa a cikin tafina, amma bai saki burodin ba. Ja yake yi. Wallahi ja yake yi, da ɗan ƙarfin da na yi ta tattala masa da shinkafa da kifi.

Ya dube ni ido cikin ido. Wannan karon ban kai kunne ba, har Gwaggo da ke can gefe ta ji.

“Sake min hannu, Uwata.”